Kuɗin gina hanyoyin karkara a Ghana

Hanyoyin karkara a Ghana su ne ƙananan hanyoyin da ke haɗa ƙauyuka da gonaki da manyan tituna. Sun haura rabin tsawon hanyoyin ƙasar baki ɗaya, kuma akasarinsu burji ne, ba kwalta. Sashen Hanyoyin Karkara, wanda aka kafa a 1981, shi ke kula da su a ƙarƙashin Ma'aikatar Hanyoyi.

Babbar rijiyar da aka daɗe ana ɗiba ita ce Asusun Hanyoyi. An buɗe shi a 1985, doka mai lamba 536 ta 1997 ta ba shi gindin zama. Mafi yawan kuɗinsa daga harajin fetur da dizal ya riƙa fitowa, sai kuɗin rajistar motoci, sai kuɗin shingen hanya kafin gwamnati ta dakatar da karɓarsa a Nuwamban 2021. Asalin manufar asusun gyara ce: a bi hanya da gireda, a zuba tsakuwa, a yashe kwalbati kafin ruwa ya sauka. Amma bashin 'yan kwangila ya sha cinye kason gyaran, kuma dokar 2017 da ta ƙayyade abin da irin waɗannan asusu za su riƙe ta ƙara tsuke shi. Buɗe sabuwar hanya yana da biki da ganga, yashe kwalbati kuwa ba mai ɗaukar hotonsa.

Akwai wasu kafofin. Hukumar koko, COCOBOD, ta ƙaddamar da shirin hanyoyin koko a 2015 domin yankunan da ake nomansa, ciki har da Ashanti. An tsayar da ayyukan a 2017 don binciken kwangiloli, daga baya aka ci gaba. Majalisun gundumomi suna da asusun haɗaka, wanda tsarin mulkin 1992 ya ware wa aƙalla kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa. A 2024 aka raba musu gireda da tifa da sauran injina a ƙarƙashin DRIP, shirin inganta hanyoyin gundumomi. Bankin Duniya ma ya daɗe a harkar.

A kasuwannin Kumasi, babban birnin yankin Ashanti, ake ganin tasirin abin. Doya da masarar Ejura, da tumatirin Akomadan, sai sun bi burji kafin su hau kwalta su iso Kejetia, babbar kasuwar Kumasi. Yankin kuma damina biyu yake yi, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba. Idan ruwa ya cinye hanya, babbar mota ba ta shiga. Sai aboboyaa, babur mai ƙafa uku, ya riƙa fito da kaya kaɗan-kaɗan zuwa bakin titi, kowane sawu da kuɗinsa. Tumatir ba ya jira. Fataken zango na unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi da ke zuwa sari kan lissafa wannan dakon da abin da ya ruɓe a hanya, su ɗora a kan farashin kwando.