Ma'anar "gandun daji" da inda ake ruɗa mu

Tun da maganar masu haƙar ma'adinai ta yi zafi, kullum sai an ji ɗan siyasa a rediyo yana cewa ai wuri kaza gandun daji ne, doka ta hana a haƙa shi. Maganar nan tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin abu biyu ake kira da suna ɗaya.

Gandu dai mun san shi. Babbar gonar gida ce da maigida da ƙannensa da 'ya'yansa suke nomawa tare, a zuba a rumbu ɗaya. Kowa yana da gayaunarsa a gefe, ya yi yadda ya ga dama da ita, amma ba wanda ya isa ya yanki ko kunya guda ta gandu ya sayar, sai dai in gidan ne ya watse. Da aka ari kalmar aka sa wa daji, sai kunnen Bahaushe ya ci gaba da jin wannan alfarmar.

A takarda kuwa ba haka take ba. Dajin Rugu, da ya ratsa Safana da Batsari da Ɗanmusa, a hannun jiha yake. Kamuku na Birnin Gwari gandun daji ne na ƙasa, ƙarƙashin hukumar tarayya. Sashe na 3 na dokar ma'adinai ta 2007 ya jero wuraren da ba a bayar da su don haƙa: gari, ƙauye, kasuwa, maƙabarta, wuraren tarihi, madatsar ruwa, mita 50 daga layin dogo, da gandun daji irin na Kamuku. Irin Rugu ba ya cikin jerin, kuma a ganina wannan giɓi ne babba.

Dokar filaye ta 1978 doron ƙasa ta danƙa wa gwamna. Abin da ke binne na tarayya ne bisa sashe na 44(3) na tsarin mulki, lasisi kuma daga Abuja yake fitowa.

Shi ya sa na ji daɗi a 2020 da Shugaba Buhari ya amince a mayar da dazuzzuka 10 gandun daji na ƙasa, har da dajin Kogo na nan Katsina. Rugu, da makiyayanmu suka dogara da shi, ba ya cikin goman.