Ƙa'idar Secure Boot: shin ta hana ka sa Linux a kwamfutarka?

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu laftof ɗin da Windows 11 ta ƙi karɓa suka fara waiwayen Linux, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta da ke maye gurbin Windows, ciki har da ɗaliban jami'ar KASU da kwalejin Kadpoly a Kaduna masu kwamfutar gwanjo. Sai mutum ya soka filash mai ɗauke da Linux, ya kunna, allo ya ce an saɓa ƙa'idar tsaro. Daga nan a yanke hukunci wai kwamfutar a kulle take.

Da farko dai, wannan ƙa'ida, wato Secure Boot, ba dokar gwamnati ba ce. Sharaɗi ne da Microsoft ta gindaya wa masu ƙera kwamfuta tun fitowar Windows 8 a 2012: duk mai son tambarinta a jikin na'urarsa, sai ya fito da ita Secure Boot na kunne. Aikinsa kamar na mai gadi ne. Kafin kowace manhaja ta tayar da kwamfuta, sai ya duba sa hannunta, ya gwada da jerin amintattu da kuma jerin waɗanda aka soke. Ba ruwansa da sunan manhajar. Mara amintaccen sa hannu kawai yake korewa, don kada ƙwayar cuta ta riga Windows tashi.

A zamanin Windows 8, sharaɗin ya tilasta a bar wa mai kwamfuta irin ta Intel ko AMD damar kashe shi. Da Windows 10 ta zo a 2015 aka bar wa kamfani zaɓi, duk da yawancinsu ba su cire damar ba.

Ire-iren Linux kamar Ubuntu, Fedora, Linux Mint da Debian (ita tun daga fitowarta ta 10) suna zuwa da wata 'yar manhaja, shim, wadda Microsoft ta sa wa hannu, ita kuma ta tsaya wa sauran. Saboda haka galibi ba ka buƙatar kashe komai. Mai gyaran da ya fara da kashe Secure Boot ya cire ƙofa ne alhali mabuɗi na hannunsa.

Kafin ka taɓa BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, buɗe msinfo32, shafin bayanan kwamfuta a Windows, ka ga ko Secure Boot yana kunne. Sannan ka nemo mabuɗin BitLocker, manhajar Windows da ke kulle faifan ajiya, lambobi 48, yawanci a asusunka na Microsoft, ka rubuta a takarda. Nan mutane suka fi ƙonewa: da ka sauya saitin, Windows na iya tashi da shuɗin allo tana neman lambobin, kuma in babu su, fayilolinka sun tafi, ba mai gyaran da zai dawo da su. Kwashe muhimman abubuwa gefe, ka cika batir, kada a ɗauke wuta ana tsakiyar raba faifan ajiya don ba Linux wuri.

Filash mai gigabait 8 ya isa. In da manhajar Rufus za ka rubuta Linux a filash ɗin, zaɓi GPT da UEFI. Maɓallin buɗe jerin tashi, inda za ka zaɓi filash, a HP F9 ne, na BIOS kuma F10. A Dell F12 da F2. A ThinkPad F12 da F1.

In filash ɗin ya ƙi tashi, dalilan sanannu ne. Wasu sababbin ThinkPad suna zuwa da amincewar sa hannun manhajojin waje a kashe, sai ka kunna layin da ke cewa Allow Microsoft 3rd Party UEFI CA. Ko kuma Linux ɗin ya tsufa an soke shim ɗinsa. Irin haka ta faru a Agustan 2024, lokacin da wani sabuntawar Windows ya hana Linux tashi a kwamfutoci masu ɗauke da biyun. Maganin shi ne a sauke sabon fitowa. In kuwa ya tashi amma bai ga faifan ajiya ba, ba laifin Secure Boot ba ne, saitin RAID ne ake mayarwa AHCI, kuma Windows na iya ƙin tashi in ba a shirya ta ba tukuna.

Direba, wato manhajar da ke sa wani ɓangaren kwamfuta aiki, irin na katin hoto na Nvidia da na manhajar VirtualBox, na iya buƙatar sa hannunka. Za a ce ka zaɓi kalmar sirri, a tashi na gaba shuɗin allo ya fito, ka zaɓi Enroll MOK ka shigar da ita. Allon ba ya jira, ka yi sakaci ya wuce, direban ba zai yi aiki ba.

Arch Linux da ire-irensa ba su da sa hannun Microsoft, dole a kashe Secure Boot. Acer da yawa sai ka sa kalmar sirrin BIOS kafin zaɓin ya buɗe, HP kuma ta nuna lambobi huɗu ta ce ka buga.

Kullen gaskiya shi ne kalmar sirrin BIOS da tsohon kamfani ya bari a kwamfutar gwanjo. Cire ƙaramin batirin ciki ba ya goge ta a laftof na zamani. In za ka saya a Kasuwar Sheikh Gumi ko shagunan titin Ahmadu Bello a Kaduna, ce wa mai shago, "Alhaji, bari in shiga BIOS tukuna," ka sauya saiti ɗaya ka ga ya karɓa kafin ka biya. Kwamfutar ofis kuwa ba taka ba ce, kuma dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta tanadi hukunci kan shiga kwamfuta ba da izini ba, don haka a nemi yardar hukumar wurin a rubuce.