Binciken zaman jama'a a Nijar

Binciken zaman jama'a a Nijar shi ne aikin da malaman jami'a da cibiyoyin bincike suke yi don gane yadda mutanen ƙasar suke rayuwa, wato tarihinsu da harsunansu da sarautunsu, noma da kiwo da fatauci, har zuwa yadda ake karɓar majinyaci a likita da yadda ake karantar da yaro a lakwal. Mutanen ƙauye dai abin da suke cewa shi ne masu anket sun zo, ko masu tambaya, tunda abin da suke gani ke nan, baƙo ya sauka gidan maigari da kaye da biro da rikoda yana neman tsofaffi. Galibin cibiyoyin a Yamai suke, amma aikin kansa a Adar da Arewa da Katsinar Maraɗi da Damagaram da Ayar da Zarmaganda aka yi shi. Fannin ya haɗa da binciken ilimi da ba ɗalibai shawara, da kuma binciken tafiyar da kamfanoni da masana'antu, sai dai waɗannan biyun daga baya suka zo kuma har yanzu ba su kai na tarihi ƙarfi ba.

Mafari

Tushen abin daga zamanin nasara ne. A 1936 Faransa ta kafa cibiyar binciken Afirka mai suna IFAN a Dakar, Théodore Monod ya daɗe yana shugabancinta, sannan aka riƙa buɗe rassa a ƙasashen da take mulka. Reshen Yamai wajajen 1944 aka buɗe shi. Bayan samun ƴancin kai a 1960 reshen ya dawo hannun Nijar, a 1964 aka sa masa suna CNRSH, a 1974 kuma ya zama IRSH, wato cibiyar binciken zaman ɗan Adam, aka haɗa shi da jami'ar Yamai, sunan da yake ɗauke da shi ke nan har yau. Cibiyar ce take fitar da jerin littattafan Études Nigériennes tun shekarun 1950, kuma duk wanda zai yi memuwar ko tez a kan wani yanki na Nijar da wuya ya tsallake su.

Cikin turawan farko wanda aka fi sani shi ne Jean Rouch. A 1941 ya zo a matsayin injiniyan hanya, nan ya haɗu da Damouré Zika wanda ya zama abokin aikinsa har tsufa, daga nan hankalinsa ya koma kan addinin gargajiya na Songhai da masuntan kogin Kwara da ƴan ci-rani masu tafiya Ghana, kuma da kamara ya yi yawancin aikin. Ya riƙe cibiyar Yamai na wasu shekaru. A watan Fabrairu na 2004 ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni cikin jihar Tawa, a Yamai aka binne shi. Akwai saɓani a kan finafinansa, wasu na ganin ya adana abin da da ya ɓace, wasu ƴan Afirka kuma na cewa kallon baƙo ne ya yi wa mutane.

Boubou Hama da takardun malamai

In ana maganar wanda ya ɗora fannin nan a hannun ƴan ƙasa to Boubou Hama ne. An haife shi wajajen 1906 a Foneko kusa da Tera, ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, ya zama mushen lakwal, a tsakiyar shekarun 1950 ya riƙe cibiyar IFAN ta Yamai, sannan ya shugabanci majalisar dokoki daga 1958 har juyin mulkin Seyni Kountché na 1974, bayansa aka tsare shi na wani lokaci. Ya rasu a 1982. Duk da nauyin siyasa bai aje alƙalami ba, ya yi rubutu a kan Songhai da Zabarmawa da Fulani da Gobir da Buzaye, kuma da hannunsa a kafa gidan tarihi na ƙasa a 1959, wanda yanzu sunansa yake ɗauke da shi.

Amma babban abin da ya bari, a ganin mai wannan rubutu, shi ne takardun da ya tara. Ya riƙa aika mutane gidajen malamai a Agadas da Tawa da Say da Damagaram har Sakkwato da Tumbutu, a sayo littafi in mai shi ya yarda, in bai yarda ba a kwafo da hannu ko a ɗauki hoto. Takardun nan su ne tushen sashen rubuce-rubucen larabci da ajami na IRSH, wanda ake ƙiyasta yana da kusan 4000. Wanda ya taɓa ganin irinsu ya san kamarsu, warƙoƙi ne sake ba ɗinki, an haɗa su tsakanin kwali biyu an ɗaure da tsirkiyar fata an zura cikin gafaka, tawada baƙa sai jan wasali, a gefe kuma almajirin da ya yi karatu da littafin ya rubuta fassarar kalma da Hausa ko Fulatanci da ƙananan baƙaƙe. Akwai fiƙihu da nahawu da waƙoƙin wa'azi da magani da wasiƙun sarakuna da jerin sunayen waɗanda suka ci sarauta. Gara da zafi da ƙura su ne abokan gabarsu, shi ya sa aikin ɗaukar hotonsu a kwamfuta yake da muhimmanci ƙwarai.

Kusa da wannan akwai aikin tarihin baka. A 1968 da taimakon UNESCO aka kafa cibiyar tattara shi a Yamai, wadda a 1974 ta zama CELHTO ƙarƙashin ƙungiyar haɗin kan Afirka. Diouldé Laya, masanin zaman jama'a ɗan Tamou, ya riƙe IRSH a shekarun 1970 sannan ya yi kimanin shekara 20 yana shugabancin CELHTO. Ya rasu a 2014.

Adar da sauran ƙasar Hausa

Ƙasar Hausa ta Nijar ta samu rabo mai kyau a shekarun 1960 da 1970. Guy Nicolas ya zauna a Maraɗi yana nazarin Azna da kasuwa da al'adar kyauta da biki, Marc-Henri Piault ya yi Arewa, André Salifou ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19 da kuma yaƙin da Kawusan, jagoran Buzaye, ya yi da nasara daga 1916 zuwa 1917. A Adar mutum biyu ake fara ambata. Nicole Échard ta yi shekaru tana zuwa ƙauyukan yankin, ta zauna da maƙera tana kallon yadda ake narka tama a fitar da ƙarfe, sana'ar da a lokacin ma ta kusa mutuwa saboda ƙarfen mota ya cika kasuwa, ta kuma yi aiki mai zurfi a kan bori. Sai Djibo Hamani, ɗan yankin, wanda a 1975 ya fitar da tarihin Adar kafin zuwan nasara, inda ya haɗa bakin tsofaffi da takardun larabci ya bi zuwan Agabba ɗan sarkin Agadas a ƙarshen ƙarni na 17 da sarautar da ta zauna a Illela da hulɗarta da Kabi da Gobir da Sakkwato. Daga baya ya yi babban aiki a kan sarautar Ayar. Darajar irin wannan bincike ita ce an yi shi lokacin da waɗanda suka ji labari daga bakin kakannin da suka ga zuwan nasara suna raye, yau ko da kuɗi ba a samun su.

A haƙar kayan tarihi Boubé Gado na IRSH ne ya tono wurin Bura a yammacin ƙasar a farkon shekarun 1980, inda aka samu tulunan binne mamata da mutum-mutumin yumɓu.

Jami'o'i da LASDEL

Jami'ar Yamai ta fara a 1971 a matsayin cibiyar karatu mai zurfi, ta zama jami'a a 1973, a 1992 aka sa mata sunan Abdou Moumouni Dioffo, masanin hasken rana haifaffen Tasawa wanda tun 1964 ya yi littafi yana cewa a karantar da yaran Afirka da harsunansu. Tana Harobanda, ƙetaren kogin Kwara. A 2010 aka buɗe jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa, ta Damagaram yanzu sunan André Salifou gare ta, ta Tawa kuma Djibo Hamani. Ƙarin girman malaman jami'a ta hanyar CAMES ake yin sa, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu faransanci wadda ke Wagadugu, kuma sai da rubuce-rubucen bincike ake hawa.

A 2001 wasu masana, cikinsu har da Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tidjani Alou, suka kafa cibiyar binciken zaman jama'a mai suna LASDEL a Yamai, daga baya ta yi reshe a Parakou ta Benin. Su sun juya daga tarihi zuwa abin da ke faruwa yau a biro da likita da kotu da mairi. Hanyarsu ita ce zama, mai bincike ya yi makonni kan benci a ɗakin haihuwa yana kallon wa ake fara dubawa, wa ake tsawata wa, me ake biya wanda ba ya cikin takarda, sai ya tambayi ungozomar ita ma me ya sa, a nan ake jin maganar rashin kayan aiki da yawan majinyata. Abin da suka fi nunawa shi ne akwai doka ta takarda akwai kuma dokar da ma'aikata suke bi a aikace, kuma poroje da bai san ta biyun ba ba ya zuwa ko'ina. Sun yi aiki a kan yunwar 2005 da kan maganin kyauta na yara ƴan ƙasa da shekara 5 da aka fara a 2006. Ana yawan kukan cewa kuɗin bincike daga waje suke zuwa, don haka mai ba da kuɗi ke zaɓen tambaya.

Ilimi da shawara ga ɗalibai

A nan makarantar ENS ta Yamai ke horar da malaman kwalej da lise da sufetoci da masu ba malamai shawara, jami'ar Tawa ma tana da tsangayar ilimi. Binciken da ya fi tsufa shi ne na koyarwa da harshen gida, wanda aka fara gwadawa da Hausa a Damagaram a 1973, cibiyar INDRAP tana shirya littattafan. Ba ɗalibi shawara shi kansa bai tsaya a matsayin fanni ba kamar a Najeriya, inda ya shiga manufar ilimi tun 1977 kuma jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya suke karantar da shi. A Nijar bayan BEPC ko bak maki ne da guraben da ke akwai suka fi yanke inda yaro zai tafi, sauran shawarar wajen wa ko kawu ko fada ake samun ta.

Kamfanoni da masana'antu

Wannan sashe gajere ne tunda masana'antun ma ba su da yawa, akwai simintin Malbaza a jihar Tawa, gawayin SONICHAR, yuraniyom na Arlit inda mahaƙar COMINAK ta rufe a 2021, da matatar mai ta SORAZ a Damagaram ta 2011. Ana karantar da tafiyar da kamfani a tsangayar tattalin arziki ta Yamai da ta Tawa, makarantar EMIG kuma tana fitar da injiniyoyin ma'adinai. Aikin da aka fi ambata shi ne na Emmanuel Grégoire na 1986 a kan alhazan Maraɗi, wanda ya nuna dukiyarsu daga gyaɗa ta taso ta koma fatauci da Najeriya, kuma ba da kwantaragi ake tafiyar da ita ba, da amana ce tsakanin ubangida da baransa, abin da su da kansu suke kira arzikin mutane.