Kansar Hanta a Yara da Haɗin Gwiwar Iyalai da Masu Bincike

Kansar hanta a yara, wadda wasu ke kira sankarar hanta ko dajin hanta, mugun ƙari ne da ke tsirowa daga hantar yaro. Ba kasafai ake ganin ta ba, domin kusan kashi 1 cikin 100 ce kawai ta dukkan kansar da ke kama yara. Wannan ƙarancin ya sa babu asibiti guda a duniya da ke samun majinyatan da za su ishe shi fahimtar cutar shi kaɗai. Mafi yawan abin da aka sani a kanta an same shi ne ta hanyar tara bayanan yara daga ƙasashe da dama, da yardar iyayensu.

Ire-irenta da alamominta

Manyan nau'o'inta biyu ne. Na farko shi ne hefatobilastoma, wanda ya fi kama yaran da ba su wuce shekara 3 ba, kuma a duk shekara yaro 1 zuwa 2 ne cikin miliyan ke kamuwa da shi. Ba a ɗaukar sa daga wani. Ya fi yawa ga bakwainin da aka haifa da nauyi ƙasa da kilo ɗaya da rabi, da yaran da ke da wasu larurorin gado. Na biyu shi ne irin kansar hantar manya, wanda ke kama yara masu ɗan tasawa da matasa, kuma a Afirka yana da alaƙa mai ƙarfi da ciwon hanta nau'in B.

Sau da yawa uwa ce ke fara lura, lokacin da take wa yaro wanka ta ji wani abu mai tauri a ƙasan haƙarƙarinsa na dama, ko ta ga cikin yana girma alhali yaron ramewa yake yi. Rashin cin abinci da amai da kasala kan biyo baya. Shawara, wato ido ya yi ɗorawa, ba ta cika fitowa da wuri ba. A ƙauyukan Bauchi da Gombe akan ɗauki irin wannan kumburi a matsayin saifa ko tamowa, a kai yaro wurin wanzami a yi masa tsaga a ciki, ko a yi ta jiƙe-jiƙe. Saifa kuwa a hagu take, hanta a dama. Kafin a isa babban asibiti, ƙarin ya riga ya ci wuri.

Ganowa da magani

Likita kan fara da hoton ciki, sannan gwajin jini na wani sinadari da ake kira AFP, wanda yake hauhawa a kusan yara 9 cikin 10 masu hefatobilastoma. Da wannan gwajin ne kuma ake bin diddigin magani: idan ƙarin yana ja da baya, adadin sai ya sauka. Ana auna girman cutar da tsarin PRETEXT, wanda ya kasa hanta gida huɗu, ya ba da mataki na 1 zuwa na 4 gwargwadon yadda ƙarin ya mamaye ta.

Maganin ya haɗa allurar kansa, musamman sisfilatin, da tiyata. Allurar ke rage girman ƙarin har a iya yanke shi, kuma hanta tana da baiwar sake tofowa bayan an cire wani sashe nata. Idan ƙarin ya game ko'ina sai dashen hanta, aikin da 'yan Najeriya kan fita ƙasashe irin su Indiya domin yin sa. A shekarun 1970 kusan kashi 30 cikin 100 ne ke rayuwa. A yau, a ƙasashen da magani ya wadata, adadin ya kai kimanin kashi 80.

Yadda aka haɗa kai

Ƙungiyar likitocin Turai mai suna SIOPEL ta fara gwajin magani na farko a kan kansar hantar yara a 1990. Daga baya ita da takwarorinta na Amurka da Jamus da Japan suka zuba bayanan yara 1,605 a rumbu guda da ake kira CHIC, wanda daga cikinsa aka fitar da ma'aunin haɗari na bai-ɗaya a 2017. A shekarar ce kuma aka buɗe babban gwajin magani na ƙasa da ƙasa mai suna PHITT, wanda Jami'ar Birmingham ta Ingila ke jagorantar ɓangarensa na Turai. Kowane yaro da ke cikin waɗannan alƙaluma, sai da uwa ko uba suka sa hannu aka ɗauki jininsa da tsokar ƙarinsa.

Rawar iyalai ba ta tsaya ga sa hannu ba. Sisfilatin yana warkarwa, amma yana lalata ji, kuma yaron da ya kurumce yana ɗan shekara biyu magana ma za ta yi masa wuya. Iyaye ne ke zama da wannan matsala shekara da shekaru bayan likita ya ce an warke. Gwajin SIOPEL 6, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2018, ya nuna cewa idan aka ba yaro sinadarin sodiyam tiyosalfet awa 6 bayan allurar, masu rasa ji sukan ragu daga kashi 63 zuwa 33 cikin 100, ba tare da an rage ƙarfin maganin ba. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2022.

Akwai kuma inda majinyaciya da kanta ta zama mai bincike. Elana Simon, wadda aka yi wa tiyatar wata kansar hanta mai suna faibirolamela tana da shekara 12, ta yi aiki a ɗakin binciken mahaifinta a Jami'ar Rockefeller da ke New York. A 2014 ita da abokan aikinta suka bayyana sauyin ƙwayoyin halittar da ke tattare da cutar, bayan sun duba tsokar majinyata 15. A matakin duniya, ƙungiyoyin iyaye sun kafa haɗakarsu a 1994, wadda yanzu ake kira CCI, wato Childhood Cancer International, kuma ita ta ware 15 ga Fabrairu a matsayin ranar kansar yara.

A Bauchi da Gombe

Manyan wuraren da ake tura irin waɗannan yara su ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Iyali daga Ningi ko Misau ko Dukku ko Kaltungo na buƙatar kuɗin mota da na abinci da na gwaji a kowane zagaye na allura, kuma jinyar watanni take ɗauka. Barin magani a tsakiya na daga manyan dalilan da suka sa a ƙasashe matalauta da yawa ƙasa da kashi 30 cikin 100 na yara masu kansa ke rayuwa. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2018 na neman kai adadin zuwa kashi 60 nan da 2030.

A nan haɗin gwiwar tana da nata salo. Uwa ce ke kwana a gefen gado, amma shawarar yarda da tiyata kan koma ga uba, wani lokaci har da kaka. Bayanin da aka yi wa mutum ɗaya da Turanci a tsaye bai isa a kira shi neman izini ba. Sai an zauna da masu faɗa a ji na gidan, an yi da Hausa ko Fulatanci ko Tangale. Mai bincike kuma ba ya da abin rubutawa idan iyali suka tafi gida ba a sake jin ɗuriyarsu ba, shi ya sa lambar waya mai aiki da katin asibitin da aka adana suke da daraja ƙwarai.

Rigakafi

Hefatobilastoma ba ta da rigakafi, amma nau'i na biyu, wato irin na manya, yana da shi. Jaririn da ya ɗauki ciwon hanta nau'in B daga mahaifiyarsa, sau 9 cikin 10 ƙwayar cutar kan zauna masa har girma. Taiwan ta fara yi wa jarirai allurar rigakafin wannan ciwon hanta a 1984, kuma kansar hanta a yara 'yan shekara 6 zuwa 14 ta ragu da kusan rabi cikin shekara goma. Najeriya ta sa allurar a jadawalinta a 2004, kuma binciken ƙasa na 2018 ya gano ciwon hanta nau'in B a kashi 8.1 cikin 100 na manya. Allurar farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, sauran a mako na 6 da na 10 da na 14. Inda aka haihu a gida aka jira sai bayan suna, lokacin mafi amfani ya wuce. Gubar afalatoksin da ke cikin gyaɗa da masarar da suka yi hunhuna a rumbu ita ma tana ƙara haɗarin, musamman ga wanda yake ɗauke da ciwon hantar tun farko.