Ɗaukewar al'ada kafin shekara 40: daga ina tsoron maganin asibiti ya samo asali?

Gardamar da ake yi a Facebook da TikTok tsakanin likitoci da masu haɗa maganin "dawo da al'ada" ba jiya ta fara ba. Tun kaka da kakanni, macen da jininta ya ɗauke da ƙuruciya wajen ungozoma take zuwa, a jiƙa mata saiwa da sassaƙe. Daga baya shagunan magungunan Musulunci suka yawaita, hulba da habbatus sauda da zuma suka shiga kwalba, rediyo ya ɗauki talla. Wannan kowa ya sani.

Abin da ba a cika tunawa ba ya faru ne a Amurka, a watan Yulin 2002. An dakatar da wani babban bincike a kan mata fiye da 16,000, kusan rabinsu suna shan maganin homon, wato maganin asibiti da ke maye gurbin sinadaran da jikin mace ke rasawa idan al'ada ta ɗauke, saboda an ga ƙarin haɗarin sankarar mama da daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki. Labarin ya karaɗe duniya, mata suka watsar da maganin, likitoci da dama suka ja baya da rubuta shi. Amma matan da aka yi binciken a kansu 'yan shekara 50 zuwa 79 ne, matsakaicin shekarunsu 63. Ba 'yar shekara 28 ba ce wadda ma'ajiyar ƙwanta ta daina aiki, jikinta ya rasa istrojin, homon ɗin mata da ya kamata ya samu har kusan shekara 50. Ita wannan, rashin maganin ne ke lalata mata ƙashi, ya jefa zuciyarta cikin haɗari. A nan gida kuwa tsoron ya tarar da wani tsoron, domin dama ana zargin duk wata ƙwayar homon da hana haihuwa.

Matsalar ɗaukewar al'ada kafin shekara 40 tana samun kusan mace 1 cikin 100. Wani lokaci ma'ajiyar ƙwan kan farfaɗo da kanta, har 5 zuwa 10 cikin 100 na masu ita su ɗauki ciki ba tare da wani magani ba. Idan hakan ya zo daidai da shan jiƙo, sai jiƙon ya kwashe yabo, a yi ta yaɗa shaidar. Sauran kuwa, da gorin dangin miji a kansu, sukan shafe shekaru suna sauya kwalba, ba wanda ya ce musu su je a auna jininsu ko a duba ƙashinsu.