Maza, mata, tsufa da ganin hoto a zuci: tambayoyin da aka ƙi daina yi

Da gaske ne maza sun fi mata iya juya siffa a ƙwaƙwalwa?

Idan aka haɗa jama'a da yawa aka ɗauki matsakaici, haka ne. A gwajin Vandenberg da Kuse na 1978, inda ake nuna zanen tubala a ce mutum ya gano wanda aka juya, maza kan yi gaba, musamman idan an ƙayyade lokaci. Amma matsakaicin jama'a ba ya faɗin komai game da ƙanwarka.

Ni ko na rufe ido ba na ganin hoton komai. Ciwo ne?

Ba ciwo ba ne. Masanin kimiyya ɗan Ingila Francis Galton ya ci karo da irinku tun 1880, kuma likitan ƙwaƙwalwa Adam Zeman ya raɗa wa abin suna afantasiya a 2015. Ka kwantar da hankalinka.

'Yata tana son karatun injiniya, amma zanen fasaha yana ba ta wuya. In sa ta canja fanni?

Kada ka yi gaggawa, kuma don Allah ka daina faɗa mata cewa abin na maza ne. Baiwar juya siffa a ƙwaƙwalwa tana ƙaruwa da horo. Sheryl Sorby ta Jami'ar Fasaha ta Michigan ta shirya wa sababbin ɗalibai darasi na zana abu daga sama, daga gaba da daga gefe, kuma makinsu ya tashi. Wani bincike a Toronto a 2007 ya nuna awa 10 na wasan bidiyo sun rage tazarar maza da mata a juya siffa, sai dai mutanen da aka gwada kaɗan ne, saboda haka kada ya zama hujjar kwana a gaban allo. Mai yiwuwa ma matsalar ba ta juya siffa ba ce, tana iya zama ta koyarwa ko ta fargabar jarrabawa. A ba ta tubala da takarda ta yi ta zanawa na 'yan watanni tukuna, sannan a duba ko akwai canji, kuma ita za ta yanke hukuncin.

Mata ba su da inda suka fi?

Suna da shi. Sun fi tuna inda aka ajiye abu.

Tsufa fa?

Saurin juya siffa a ƙwaƙwalwa yakan ragu, kuma gane hanya a baƙon wuri yakan ƙara wuya ga maza da mata. Amma dattijon da ya fara ɓata a unguwar da ya sani, likita za a kai shi.