Lambun Miya na Ƙawa

Lambun miya na ƙawa shi ne lambun da ake haɗa kayan miya, ganyayen ƙamshi, itatuwan marmari da furanni a wuri guda, a tsara su yadda ido zai sha kallo kafin su shiga tukunya. Faransawa ne suka fi yin fice a kansa, suna kiransa potager, daga kalmarsu ta potage, wato miya. Abin da ya raba shi da lambun kasuwa shi ne, wajen zaɓen iri ana duba launin ganye da tsayin tsiro kamar yadda ake duba yawan amfani.

Asali

Masu tarihin lambu kan mai da tushensa ga gidajen sufayen Kirista na Turai. Akwai wani zanen irin wannan gida da ke ajiye a Saint Gall, a ƙasar Suwizalan, wanda ake kyautata zaton an yi shi tsakanin 820 da 830. Ya nuna lambu mai fangali 18 a jeri biyu, an rubuta wa kowanne sunan abin da za a shuka: albasa, tafarnuwa, latas, kabeji da sauransu. An ware wa tsirran magani wuri dabam, itatuwan marmari kuwa a maƙabarta aka sa su, tsakanin kaburbura. Ba don ado aka yi wannan tsari ba. Fangali mai kusurwa huɗu da hanya a gefensa ya fi sauƙin ban ruwa da cire ciyawa, daga baya ne aka lura cewa yana da kyan gani.

Lambun sarki a Versailles

Tsakanin 1678 da 1683, Jean-Baptiste de La Quintinie, wanda asalinsa lauya ne, ya shirya wa Sarki Louis na 14 na Faransa lambun miya mai faɗin hekta tara kusa da fadar Versailles. Wurin da aka ba shi fadama ce da mutane ke kira tafki mai wari. Sai da aka janye ruwan, aka yi ciko da ƙasar da aka haƙo daga wani babban tafki da ke maƙwabtaka, sannan aka zuba kashin dawakin fada. A tsakiya aka yanka manyan fangali 16 kewaye da kwarmin ruwa, aka ɗaga dandamali a gefe inda sarki kan tsaya ya kalli ma'aikata. Ƙananan lambuna masu katanga suka zagaye wannan fili, kuma a jikin katangar ake ɗaure rassan itatuwa a baje kamar tafin hannu, don su sha rana, su kuma samu ɗumin bango da dare.

La Quintinie ya yi suna ne wajen samar da amfani kafin lokacinsa. Yakan binne sabon kashin doki a ƙarƙashin fangali, zafin ruɓewarsa ya ɗumama ƙasa, har a kai wa sarki latas a watan Janairu, a tsakiyar sanyin Turai. Sarkin mai son ɓaure ne ƙwarai, don haka aka raini ɗaruruwan itatuwansa a cikin akwatuna da ake shigarwa ɗaki idan sanyi ya tsananta. Lambun yana nan har yau a hannun makarantar koyon tsara lambuna ta ƙasar Faransa, an kuma buɗe shi ga jama'a a 1991.

Villandry

Lambun da aka fi ɗauka a hoto yana gidan sarauta na Villandry, a kwarin kogin Loire a Faransa. An gama ginin wajen 1536, amma lambun da ake gani yanzu bai kai haka tsufa ba. Joachim Carvallo, likita ɗan asalin Sifaniya, da matarsa Ann Coleman, Ba'amurkiya, su suka sayi gidan a 1906, suka kawar da filin ciyawa irin na Ingila da suka tarar, suka sake tsari bisa tsofaffin zane-zane. Lambun miyar ya kai kusan hekta ɗaya, an raba shi gida tara daidai wa daida, kowanne da nasa zane. Gajeren shinge da ake aske wa kai ne ke fitar da layukan, sai a cike tsakani da jan kabeji, koren ganyen karas da wani dangin albasa mai shuɗi-shuɗin ganye, daga sama sai ka ce aikin hula. Ana shuka sau biyu a shekara. Masana ba su haɗu a kan ko ya yi kama da lambunan ƙarni na 16 na gaskiya ba.

A gida

A ƙarni na 20 ne salon ya sauko gidajen talakawa. Rosemary Verey, marubuciya mai tsara lambuna da gidanta ke Barnsley House a Ingila, na cikin waɗanda suka yaɗa shi. Ƙa'idar ba ta da yawa: fangali kada ya wuce faɗin da hannu zai kai tsakiyarsa ba tare da an taka ba, dogayen tsirrai a baya, masu yaɗo a jikin danga, masu buƙatar ruwa iri ɗaya a wuri guda. Matsalarsa ita ce girbi. Ranar da aka cire kan kabeji ɗaya, zane ya yi giɓi, shi ya sa ake ajiye dashe a gefe, ko a fifita irin da ake tsinka yana sake toho.

A ƙasar Hausa, latas, kabeji da karas sun fi yi da hunturu. Da damina kuwa akwai abin ado a cikin kayan miyar gida: jan karan yakuwa, furen kuɓewa mai ruwan ɗorawa da jan ciki, kabewa a kan danga, ɗoɗɗoya a bakin hanya, zogale a jere a madadin shinge.

Cewar wasu furanni na korar ƙwari daga kayan miya magana ce da ake ja-in-ja a kanta.